Hutun Da Muka Yi A Duwatsun Kazaure

Ku yaran makaranta, ga hutu ya ƙare, kowa ya komo da labarinsa. Wani ya je Kaduna wurin kawunsa, wani ya taya ubansa noma, wani kuwa barci kaɗai ya sha har aka buga ƙararrawa. To, mu ma ga namu labarin. Mun daɗe muna shawarar ko mu rubuta shi ko mu bari, domin akwai wurin da ba mu fita kunya ba a cikinsa. Amma malamin da ke gyara kuskuren yara kullum da jan alƙalami, bai kamata ya ɓoye nasa ba.

Asalin maganar daga darasin labarin ƙasa ne. Wata rana muna koya wa 'yan ajinmu, a wata makaranta cikin Kano, dalilin da ya sa Turawan mulki su kan gudu kan tuddai in zafi ya matsa. Muka ce musu iska ta kan ƙara sanyi gwargwadon yadda mutum ya ƙara hawa sama, domin can sama ba ta da nauyin da ke danne ta, sai ta baje, in ta baje kuwa sai ta huce. Masana sun auna, sun ga duk hawan mita 1,000 zafi ya kan ragu da wajen digiri 6 da rabi. Saboda haka Ingilishi da su ka mallaki Indiya su ka mai da garin Simla, wanda ke bisa tudu mai tsawon wajen mita 2,200 a gindin duwatsun Himalaya, ya zama mazaunin gwamnatinsu na lokacin zafi tun 1864. A 1903 har jirgin ƙasa su ka kai masa. Da wani likita, Ronald Ross, ya gano a 1897 cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓi, sai son tuddai ya ƙaru. A Saliyo aka gina wa Turawa unguwa bisa dutsen da ke bayan Firitawun, aka yi mata ɗan jirgin ƙasa nata. Ba mu ɓoye wa yara ba cewa ba sanyi kaɗai su ke nema ba, har da nisantar mutanen ƙasa, don sun ɗauka a jikinsu ciwon ya ke.

Sa'an nan muka komo gida. Muka ba su labarin Jos, wadda ke bisa tudun da ya haura mita 1,200, inda haƙar kuza ta tara mutane, har aka ja ƙaramin layin dogo daga Zariya ya isa can a 1914, aka rufe shi a 1957. Muka ambaci tudun Mambila a Jihar Taraba, da dutsen Chappal Waddi mai mita 2,419, wanda duk Nijeriya babu mai tsawonsa. Daɗin magana ya kwashe mu, har muka ce, "In kun yi asusu, hutun damina mu kai ku Jos ku ji sanyin da jikinku."

Alkawari kaya ne. Yara 24 su ka riƙa kawo ɗan abin da su ka rage na karin kumallo, mu kuma muna rubutawa. Da hutu ya matso aka fasa asusu, muka je tasha muka tambayi kuɗin shatar mota zuwa da komowa, muka haɗa da na masauki da na abinci, sai muka ga abin da ke hannunmu bai kai rabi ba. Laifin namu ne, don mun yi alkawari ba mu yi lissafi ba, ga shi kuwa mu ke koya musu lissafin. Dare biyu muna juyayi. Can muka duba taswira, muka ga ƙasar Kazaure, wadda ba ta fi kilomita 80 da 'yan kai daga Kano ba, an zana ta da alamar duwatsu. Mun san sunan duwatsun Turai da na Asiya tun muna kwalejin horon malamai, amma waɗannan da ke bayan ɗakinmu ba mu taɓa taka ko ɗaya ba.

Da muka faɗa wa yara, aji ya yi tsit, sa'an nan gunaguni ya tashi. Wani ya ce, "Malam, Kazaure kuma? Ai nan ne mu ke wucewa in za mu Daura." Muka ba su haƙuri, muka ce da babu gara ba daɗi. Bayan an tashi, sai wani yaro ya tsaya a bakin ƙofa. Shi ne na ɗaya a lissafi, mai tsabta, mai ƙarancin magana, mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Roni, yana zaune wurin ƙanen uwarsa a birni. Ya ce a cire sunansa, ba shi da lafiya. Muka dube shi, muka ga lafiyarsa ƙalau. Da muka matsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, na gaya musu babana ɗan kasuwa ne, yana da kanti. Alhali manomi ne, da rani kuma dutse ya ke fasawa yana sayarwa. In mun je za su gan shi."

Ba mu yi masa faɗa ba, don mun tuna mu ma mun taɓa yin shekara goma sha huɗu. Muka yi masa alkawarin ba za mu tona shi ba, ba kuma za mu shiga ƙauyensu ba. Ya yarda zai zo.

Ran Litinin ta biyu ga watan Agusta muka kama hanya da sassafe. Muka wuce Ɗambatta, gero da dawa sun rufe ko'ina, har mutum bai ganin jar ƙasa sai a bakin titi. Can sai tuddai su ka fara ɓullowa hagu da dama, ba irin mulmulallen dutsen nan da a kan gani tilo a fili ba, a'a, jeri ne dogo, sun miƙe daga kudu su nufi arewa, wani na bin wani kamar ayarin raƙuma. Garin Kazaure na zaune a tsakaninsu. Masu ba da labari sun ce maharbi ne ya fara zama wurin, da aka ga yadda duwatsu su ka kewaye shi sai aka ce "kamar zaure", daga nan sunan ya samo asali. Ko haka ne ko ba haka ba ne, wanda ya tsaya ya duba kewayensa zai ga kamar ta yi.

Da la'asar muka zauna bakin madatsar ruwan da ke gefen gari, muka ba yara tarihi. Ɗan Tunku, Bafillace, yana cikin waɗanda su ka taimaki jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804. Da Ibrahim Dabo ya hau sarautar Kano a 1819, Ɗan Tunku ya ƙi binsa, aka yi shekaru ana gwabzawa. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya tabbatar da Kazaure masarauta ce mai cin gashin kanta. Ɗansa Dambo ya gaje shi. Muka tambayi yara, "Yaya ƙaramar ƙasa ta iya tsayawa gaban Kano?" Wani ya nuna tuddai da hannu ya ce, "Malam, doki ba ya sukuwa a nan." Muka ce ya faɗi babban rabin amsar. Turawa sun hau dutse don su huta, kakanninmu sun hau shi don su tsira da ransu. Yau masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi 4, watau Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, kuma a garin akwai kwalejin fasaha ta Gwamnatin Tarayya mai sunan Sarki Hussaini Adamu. Muka nuna wa yara ƙofarta, ko Allah ya sa wani ya shiga wata rana.

Kashegari muka yi yamma zuwa ƙasar Roni. Muka sauka daga mota, muka gai da mai unguwa, muka nemi izini, sa'an nan muka zaɓi wani tudu muka fara hawa. Mun zaɓe shi ne daga taswira, ba mu kuwa tambayi yaron nan ko yana kusa da ƙauyensu ba, shi ma bai ce kome ba. Hawan ya ɗauke mu fiye da sa'a guda, ga tsakuwa na zamewa, ga ƙaya. Da muka kai bisa, kai, jama'a, gani ya kori ji! Gonaki shimfiɗe har iyakar ganin ido, kuka da ɗorawa da tsamiya sun yi duhu, gawo kaɗai ya tsaya fari fat ba ganye, don shi da damina ya ke zubar da nasa, shi ya sa manomi ke son sa a gona, ba ya tare wa shuka rana. Ga rugar Fulani can, ga mata na tafiya da ƙwarya a ka, ƙanana kamar tururuwa.

Wani yaro ya ce, "Malam, ina sanyin?" Muka ce ya lissafa da kansa. In hawan mita 1,000 ke rage digiri 6 da rabi, tudun da bai wuce mita 100 daga gindinsa ba fa? Ya yi shiru, ya ce bai kai digiri ɗaya ba. Muka ce to ka gani, ba za mu yi maka ƙarya ba, nan ba Jos ba ce. Abin da ya ke ji iska ce kawai da ba ta da abin da zai tare ta. Duk da haka babu wanda ya ce a sauka.

Wajen azahar muka fara gangarowa ta ɗaya gefen. A ƙasa akwai wani kwari mai zurfi tsakanin tuddai biyu, cikinsa rairayi ne fari, busasshe, sumul kamar an share. Muka duba taswira a wayarmu, muka ga in mun bi ta cikinsa za mu yanke tafiyar sa'a guda zuwa inda mota ke jiranmu. Mun sa ƙafa ke nan, sai muka ji sallama daga bisa gaɓa. Wani dattijo ne, da fartanya a kafaɗa, da 'yar shara wadda ta sha jiki, awaki biyar na biye da shi. Muka gaisa. Ya ce, "Malam, ina za ka da 'ya'yan mutane?" Muka gaya masa. Ya girgiza kai ya ce, "Ba ta nan ba yau. Ku hau gaɓa ku zaga."

Muka ɗaga kai, sama garau, rana na dukanmu. Muka ce, "Baba, ai babu hadari a kanmu." Ya nuna gabas da haɓa, inda wani baƙin gajimare ya kwanta a bayan tuddai, ya ce, "Ba a kanka zai zuba ba, a kan dutse zai zuba, dutse kuma nan ya ke aiko da shi. Dubi can." Muka duba, sai ga busasshiyar ciyawa da karare sun maƙale a rassan wata bishiya da ke jikin gaɓa, sama da kan mutum. Ya ce, "Wa ka ke tsammani ya rataya su?"

A nan ne ba mu fita kunya ba. Yara 24 na kallonmu, mu da takardar shaidar malanta, ga wani mai 'yar shara yana gyara mana labarin ƙasa. Girman kai ya hau mu. Muka ce rabin sa'a kaɗai za mu yi a ciki, muka ce wa yara su biyo mu. Dattijon bai ƙara cewa kome ba, amma mun lura idonsa ya tsaya can bayan layi, inda yaron nan ya ja hula ya rufe goshi, ya ɓuya bayan wani dogo. Ya dube shi sau ɗaya, ya kawar da kai.

Mun yi taku kamar goma, sai muka ji motsi. Yaron ya ratso tsakiyar 'yan'uwansa, ya haye gaɓa, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban dattijon ya ce, "Baba, ina wuni." Sa'an nan ya juyo, muryarsa na rawa, ya ce, "Malam, mahaifina ne. Abin da ya faɗa gaskiya ne. Kwarin nan ya taɓa cinye mana awaki ina ƙarami, rana na haskawa kamar yanzu. Don Allah kada mu bi."

Babu wanda ya yi dariya. Muka fito da yara, muka bi dattijon ta kan gaɓa. Ba mu cika sa'a guda muna tafiya ba sai iska ta juya, muka ji wata ƙara daga sama kamar manyan motoci sun jeru. Muka leƙa. Ruwa ne ja wur, ya cika kwarin daga gaɓa zuwa gaɓa, yana tafe da itatuwa da duwatsu, yana birgima da su. Inda sawunmu ya ke ɗazu, da mutum ya tsaya ko hannunsa ba za a gani ba. Har lokacin ɗigo ɗaya bai taɓa mu ba. Muka ƙirga yara, muka sake ƙirgawa, 24, gwiwoyinmu su ka ƙi ɗaukarmu, muka zauna a ƙasa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, ran nan kuwa mu ne yaron.

Dalilin abin, ku riƙe shi da kyau. Ruwan da ya zuba a rairayi nutsewa ya ke yi. Wanda ya zuba a kan dutse ba shi da wurin shiga, sai ya gangaro gaba ɗaya, na wannan tudu ya haɗu da na wancan, duk su matsu cikin kwari ɗaya. A ƙasarmu kuma hadarin damina daga gabas ya kan taso, ya kan zuba da ƙarfi a wuri ɗaya ya bar na kusa da shi a bushe. Duk wannan muna da shi a littafi, mun ma taɓa ba da shi a jarrabawa. Amma a bakin kwarin, dattijon ne ya san shi.

Ruwa ya tare hanyar mota, dole muka kwana a ƙauyen da muka yi alkawarin ba za mu shiga ba. Aka share mana zaure, maƙwabta su ka kawo tabarmi, aka yi tuwon dawa da miyar kuka, aka dama fura da nono. Yara su ka kewaye dattijon da tambaya har dare ya raba. Ya gaya musu sa'ad da ya ke yaro jikin tuddan nan duhu ne da itatuwa, yanzu gatari ya rage su, shi ya sa ruwa ke saukowa da fushi yana yanke gonaki, zaizaya na cin ƙasa kowace shekara. Da safe ya kai su gonarsa da ke gangare, ya nuna musu yadda ya jera duwatsu layi layi a gicciye, don ruwa ya rage gudu ya ajiye ƙasar da ya ɗebo. Hannunsa duk kanta. Yaron da ya fi kowa surutu a aji ya roƙa a bar shi ya ɗaga gudumar fasa dutse, ya ɗaga da ƙyar, ya ajiye, bai ƙara magana ba.

Da muka keɓe, muka ba dattijon haƙuri, muka kuma tambaye shi me ya sa da ya ga ɗansa bai kira shi ba. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, na ga ya ɓuya, na san dalili. Da gudumar nan na ke biya masa kuɗin littafi don ya fi ni. In na kunyata shi gaban abokansa, me na gyara? Na dai ƙudura in kun ƙi ji, in sauka in tsaya a gabanku, sai ku bi ta kaina." Ba mu sami abin cewa ba.

Sauran tafiyar a taƙaice za mu faɗe ta. Muka yi arewa zuwa Gwiwa, wadda ke iyaka da Jihar Katsina, muka ci kasuwa a hanya, yara su ka sayi gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Rana ta huɗu muka nausa gabas zuwa Ɓaɓura, wadda ke ƙarƙashin masarautar Ringim, kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar. Mun kai su can da gangan, don su ga bambanci. Tuddan dutse sun ɓace, sai fili da rairayi, ga gero da riɗi da zoɓo. Irin wannan ƙasa mai yashi ita Bahaushe ke kira jigawa, daga gare ta kuma jihar ta sami sunanta sa'ad da aka yanke ta daga Kano ran 27 ga Agusta, 1991. An yi ruwa da dare, da hantsi ƙasa ta shanye shi sarai. Muka ce wa yara su rubuta dalilin da ya sa ruwa ɗaya ya zama abin tsoro a Roni, a nan kuwa ya nutse shiru. Duk su ka ci.

To, ga abin da za mu roƙe ku. Wanda Allah ya hore masa zuwa Jos ko Mambila, ya je, tafiya mabuɗin ilmi ce, mu ma mun sake buɗe asusu, wannan karon da lissafi. Amma kada ku zauna jiran kuɗin mota ku ce babu inda za ku. Na Kano ga Dala da Goron Dutse, na Zariya ga Kufena, na Gusau ga Kwatarkwashi. In za ku hau, ku gai da mai unguwa tukuna, ku nemi ɗan gari ya yi muku ja-gora, ku riƙi ruwan sha da takalmi mai kama ƙasa, ku tafi da littafi da fensir. Da damina kada ku kuskura ku bi cikin kwari, ko da rairayinsa ya bushe ƙamas. In kuwa dattijo ya tsai da ku a hanya, ku saurare shi kafin ku dubi rigarsa.

Yaron nan yana nan a ajinmu, har yanzu shi ne na ɗaya a lissafi. Makon jiya aka ba su rubutu a kan sana'ar iyayensu, ya cika shafi uku da yadda a ke gane jijiyar dutse kafin a sa masa guduma, ya kuma tashi ya karanta da kansa. Uban ya aiko mana da kwanon gyaɗa, ya ce a gaya wa yara in kaka ta yi su komo su ci ɗanyen gero. Allah ya kai mu, ya kuma tsare mu da girman kai, amin.